Ayari Ba Madugu: Kano da Cinikin Kayan Mota

Wanda ya tsaya da hantsi kusa da daffon man NNPC da ke Hotoro zai ga tankokin mai sun yi jerin gwano a gefen titi. Wasu na jiran lodi, wasu kuwa an kifa kansu gaba, bakanike ya shige ƙasa, yaransa na miƙo masa sifana. In ya gangara ta Tarauni ya ɓulla Gyadi-Gyadi, Adaidaita Sahun da za su gifta shi ba sa ƙirguwa. Kan tankar daga Turai ya zo ko daga Sin, Adaidaita daga Indiya. Taya da batir da fulogi da takalmin birki duk baƙi ne. Abin da Kano za ta nuna ta ce nata ne a jikin waɗannan motoci bai wuce walda da fenti da tamfol da kujera ba, sai kuma karin maganar da aka rubuta a baya.

Ba rashin masana'antar haɗa motoci ne ya jawo haka ba, domin Kano ta taɓa samun ta. Abin da garin ya rasa, kuma ƙasar ta rasa tare da shi, shi ne mai jan ragamar hanyar da kaya ke bi tun daga maƙera har zuwa gareji, wato abin da masana tattalin arziki ke kira sarƙar samar da kaya. Shekara hamsin ke nan hukumomi na zuba ido a kan zoben ƙarshe na wannan sarƙa, inda ake ɗaure kusoshi a yanke kyalle a ɗauki hoto, sauran zobba kuwa an bar su a hannun wasu.

A shekarun 1970, da kuɗin mai ya shigo, gwamnatin tarayya ta haɗa jari da kamfanonin Turai aka kafa masana'antu shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu, Steyr a Bauchi, sai NTM a Kano, kan titin Zariya, mai haɗa manyan motocin Fiat. Daga Hotoro, in aka bi Eastern Bypass, tafiyar 'yan mintuna ce. Manufar da aka rubuta ita ce a fara da haɗa kayan da aka shigo da su a akwati, sannan shekara-shekara a riƙa ƙara yawan na gida.

Yadda abin ya kasance a zahiri, labarin Peugeot ya ishe mu misali, kuma ta Kano ya bi. Masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975, shekarar da jiragen ruwa masu ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas, jirgi ya yi watanni yana jiran a sauke masa kaya. Sai Faransawa suka ɗauki hanyar sama. Kamfanin jiragen UTA ya riƙa kwaso sassan mota daga birnin Lyon yana saukewa a filin jirgin saman Kano, daga nan manyan motoci su kai Kaduna. An yi shekaru ana wannan jigila, da jiragen DC-8, daga baya da Boeing 747. A fannin tsara safara, abin a yaba ne. Amma duk wanda ya tsara ta yana Faransa: shi ya san wane kamfani ke yin gilashi, wane ne ke yin giya, nawa za a aiko, yaushe. Kano masauki ce kawai. Motar 504 da ta zama motar gwamna da ta ɗan kasuwa da ta direban tasha, ruhinta a jirgin sama yake zuwa.

Irin wannan tsari yana tafiya ne muddin naira na da ƙarfi. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya a farashin gwamnati. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, kafin shekarar ta ƙare sai an ba da fiye da naira 3 ake samun dala. Akwatin kayan da ake jira daga Turai ya ninka kuɗi, albashin mai saye bai motsa ba. Masana'antun suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, NTM na cikin na farko-farko, kuma ta daɗe a rufe kafin a sayar da ita ga 'yan kasuwa a farkon shekarun 2000. Ƙarfen da ya kamata ya ciyar da su bai taɓa zuwa ba, domin Ajaokuta, wadda aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979, har yau ba ta narka ƙarfe yadda aka tsara ba. Masu yin taya ma suka bi sahu: Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta daina yi a 2008, a ƙasar da itacen roba ke tsirowa.

Giɓin da aka bari, kasuwa ta cike shi da kanta. Motocin hannu suka riƙa sauka a Kwatano, su biyo ta Nijar, su shigo ta Maraɗi da Jibiya ko Maigatari. Kalmar "Beljiyam" ta tashi daga sunan ƙasa ta koma sunan kayan gyara na hannu. A Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, mai neman lagireto ko kafireto tambayar farko da za a yi masa ita ce sabo yake so ko Beljiyam, kuma sau da yawa bakanike zai ba shi shawarar ya ɗauki Beljiyam, don sabon ba a san asalinsa ba. Tsohon ƙarfen da ya yi shekara goma a titin Jamus ya fi sabo na cikin kwali amana. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda ciwon yake: babu wanda ke tsaya wa kaya.

Da gwamnatin Jonathan ta fito da sabuwar manufar motoci a 2013, hanyar da ta bi ita ce haraji. Motar da aka shigo da ita a haɗe za ta biya kashi 35 na kwastan da wani kashi 35 a kai, wato 70, wanda ya shigo da sassa kuwa a sassauta masa. Kamfanoni da dama suka karɓi lasisin haɗa motoci, sai dai ga da yawansu haɗawar ba ta wuce ɗaura taya da madubi ga motar da aka riga aka gama a wata ƙasa ba. A farkon 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin kan tudu. A 2019 Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a dokar da za ta ba manufar gindin zama, sannan dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare wancan ƙarin haraji daga kashi 35 zuwa 5. Mai kuɗin da ke tunanin kafa injin yin takalmin birki, wanda sai ya yi shekara bakwai ko goma kafin ya mai da jarinsa, ya ga an sauya masa doka sau uku a ƙasa da shekara goma. Ba laifinsa ba ne in ya gwammace ya yi odar kwantena daga Guangzhou.

Duniya kuwa ba ta tsaya jira ba. A 2023 Sin ta wuce Japan ta zama ƙasar da ta fi kowa fitar da motoci, kuma ƙarfinta ya samo asali ne daga riƙe batir da ma'adinansa da dubban ƙananan masana'antun sassa. Manyan kamfanonin Turai da Amurka sun ɗanɗana kuɗarsu a 2021, lokacin da ƙarancin 'yan ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake sa wa ƙwaƙwalwar mota ya tsayar da masana'antu. Toyota ta fi takwarorinta daɗewa a tsaye, saboda tun bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011 ta bi diddigin masu kawo mata kaya har zuwa na can ƙasa, ta kuma sa a riƙa ajiye na watanni. A 2022 yaƙin Yukren ya tsayar da wasu masana'antun Volkswagen da BMW a Jamus, don damin wayoyin lantarkin motocinsu a Yukren ake saƙa shi.

Wannan damin waya abin lura ne. Aiki ne na hannu, mai cin mutane da yawa, kuma da shi Maroko ta fara. Kamfanonin saƙa wayar mota sun zauna a Tanja shekaru kafin Renault ta buɗe masana'antarta a can a 2012, Peugeot ta biyo baya a Kenitra a 2019. Masu sassa ne suka share fage, babbar masana'anta ta zo ta tarar da su. A cikin gida ma akwai Nnewi, inda 'yan kasuwar kayan gyara suka sayo injuna daga Taiwan a shekarun 1980 suka fara ƙera abin da a da suke saro wa. Innoson, wanda ya buɗe masana'antar motoci a can a 2010, daga cinikin kayan babur ya taso.

Kano ba baƙuwa ba ce ga jagorancin safara. Littafin Paul Lovejoy na 1980 kan fataucin goro ya fayyace yadda ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja yake da tsari. Madugu ne ke yanke hanya, ya yi ciniki da sarakuna kan kuɗin fito, ya raba gardama. Jagaba na gaba yana duba zango, uban dawaki na tara abin da kowa zai biya, malami na riƙe da lissafi. A masauki kuma akwai fatoma, wanda ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in za a ba da bashi. Abner Cohen ya ga irin wannan tsari da idonsa a Sabo ta Ibadan, ya rubuta shi a 1969. Madugu bai mallaki jakunan ayari ba, bai mallaki goron ba. Abin da ke hannunsa shi ne sanin hanya, da amincewar fatake, da ikon haɗa ɗaruruwan ƙananan 'yan kasuwa su yi magana da baki ɗaya. In aka cire kwamfuta, aikin da babban jami'in saye na Toyota ke yi bai yi nisa da wannan ba.

Ina ayarin yau? Yana kan titin Zariya da titin Maiduguri, launinsa rawaya. Adaidaita Sahu ta shigo Kano a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta kuma mamaye gari bayan Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa sakamakon harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Ga mai nazarin masana'antu, wannan taro na da wata falala da motocin gida ba su da ita: kusan duka ƙirar kamfani biyu ne, Bajaj da TVS. Takalmin birki iri ɗaya, wayar kuloci iri ɗaya, matatar iska iri ɗaya, kuma kullum suna kan hanya, don direba sai ya kai balas da yamma. Abin da ke kashe ƙaramin maƙeri shi ne a ce yau ya yi wa Golf, gobe Sharon, jibi Corolla. A nan kuwa buƙata ɗaya ce mai maimaita kanta. Haka tankokin Hotoro, waɗanda tun da bututun da ke kawo mai daga matatar Kaduna ya daina abin kirki suke cin kilomita wajen dubu daga kudu, suna cinye taya da birki da sifirin.

Madugun da ake buƙata, aikinsa ƙanana ne a ido. Ya tara ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa da dillalan Ƙofar Ruwa a fitar da lissafin abin da ke lalacewa da yawan da ake saye a wata. Ya zaɓi sassa huɗu ko biyar da masana'antun roba da ƙarfe na Sharaɗa da Challawa da Bompai za su iya. Ya sa a yi musu ma'auni da wurin gwaji, don tambarin da ke jikin kwali ya zama abin da bakanike zai yarda da shi. Ya tsaya wa maƙerin a banki da takardar odar shekara guda, kamar yadda fatoma ke tsaya wa baƙonsa. Hukumar NADDC mai kula da masana'antar motoci, wadda Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023, tana da hurumin ma'auni da gwaji. KAROTA kuwa, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, wadda ta fi kowa sanin adadin Adaidaita tun da ita ke musu rajista, tana zaune a kan bayanan da duk mai son zuba jari zai so ya gani, amma an fi saninta da karɓar haraji da tara.

Akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sukan ce masana'antar da ke kwana kan janareta ba za ta kara da ta Sin a farashi ba, kuma duk abin da aka ƙera a Sharaɗa, kwantena ɗaya za ta karya shi. A kan fulogi da fistin da duk abin da ke buƙatar injin mai tsananin daidaito, gaskiyarsu ne, kuma ɓata kuɗi ne a gwada. Amma kayan da ke da girma ko nauyi ga arha, irin su salansa, kujera, rufi, robobin ƙafa da bodi, kuɗin jigilarsu daga tashar Legas zuwa Kano kariya ce da ba ta buƙatar dokar kwastan. Faɗuwar naira ma ta sauya lissafi: dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Abin da ya karya NTM a 1986 shi ne yau ke buɗa wa maƙerin gida ƙofa, in akwai wanda ya shirya.

Jarrabawa ta gaba ta riga ta iso. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatin tarayya ke tura masu motocin haya su koma amfani da iskar gas, ga kuma bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 da aka fara shimfiɗawa a 2020, wanda Kano ce ƙarshensa. Kowace motar da za a juya tana buƙatar tukunya da bututu da maɗauri da bakaniken da ya san aikin. Tukunyar sai an shigo da ita, wannan ba gardama. Maɗaurin da za a kafa ta da shi kuwa, kowane mai walda a Unguwa Uku zai iya yankawa in an ba shi ma'auni. A yanzu dai duka a akwati ɗaya suke zuwa, kuma tashar kan tudu ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023 tana nan tana jiran ta sauke su, kamar yadda filin jirgin sama ya sauke na Peugeot.