Yadda Likitoci Suka Gane Ɓarnar Giya A Hanta

Yau za mu ba ku tarihin wata cuta mai cin mutum a hankali, watau taurin hanta.

A cikin 1793 wani likita a birnin Landan, Matthew Baillie, ya rubuta cewa ya sha ganin hanta mai tauri da ƙuraje a gawar mashaya. A 1819 kuma Laennec, likitan Faransa wanda ya ƙago abin sauraron ƙirji, ya raɗa wa cutar suna. Amma an daɗe ana gardama. Waɗansu masana suka ce laifin rashin abinci ne, gama mashayi ba ya kula da tuwo.

Sai a 1974 Likita Charles Lieber da abokan aikinsa a Amurka suka ba da labarin gwajinsu. Sun yi shekaru suna ba waɗansu birai, irin gwaggon biri, abinci mai kyau tare da barasa. Duk da haka hantarsu ta yi kitse, ta waɗansu har ta taurare.

To, kun ji. Mai cewa tsire da nama za su tsare shi, ruɗin kansa ya ke yi. In hanta ta taurare, sai ciki ya cika da ruwa, ido ya yi rawaya, wani har aman jini.

Kitsen hanta yakan baje in an daina sha da wuri, amma tabo ba ya gogewa da sauƙi. Wanda ya ga alamun nan, ya hanzarta zuwa asibiti. Allah ya ba mu lafiya, amin.