Asalin Kalmomin Waya a Bakin Mutanen Ƙasar Kankiya

Garin Kankiya yana bisa hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Katsina, Kusada kuwa tana maƙwabtaka da shi. Kafin zuwan Turawa, labari ba ya wuce saurin doki. Sarki ya aiki manzo, hakimi ya tashi ɗan aike, fatake kuma su baza abin da suka jiyo a zango. Wanda ya bi tarihin kalmomin waya a wannan ƙasa zai tarar sun shigo hawa uku, kowane hawa da irin mutanen da suka raɗa masa suna.

Hawa na fari shi ne na tangaraho. A 1886 aka jawo waya ta ƙarƙashin teku daga Ingila har Ikko. Bayan Turawa sun ci Kano da Katsina a 1903, sai suka dinga kafa turaku suna miƙa waya tsakanin manyan garuruwan mulki. Talaka bai ga na'urar da ke cikin ofis ba, zaren ƙarfe kaɗai ya gani bisa turaku, saboda haka sunan zaren ya zama sunan aikin duka. Daga nan aka sami gidan waya, watau inda ake kai wasiƙa da saƙo. Daga nan kuma aka sami buga waya, don ma'aikacin tangaraho ƙwanƙwasa ƙarfe yake yi da yatsa. Har wa yau ana cewa an buga waya, ko da yake bugun ya daɗe da ƙarewa. Da rediyo ya zo ba tare da zare ba, sai aka ce wayar iska.

Hawa na biyu shi ne na tarho, wanda ake jin muryar mutum a cikinsa. Wannan kuwa bai yaɗu ba. A 1960, shekarar samun mulkin kai, layukan tarho na Nijeriya duka ba su kai 19,000 ba, yawancinsu kuma a ofisoshin gwamnati da kantunan Turawa suke. A babban ofis akan kawo layi ɗaya ko biyu daga waje, a raba su zuwa ɗakuna, kowane ɗaki da ƙaramar lambarsa, sa'an nan a zaunar da ma'aikaci gaban allo mai ramuka yana haɗa mai kira da wanda ake nema. Akawuna ke wannan aiki, da Turanci kuma suka koye shi, don haka allon da rassansa ba su sami suna tsayayye da Hausa ba. An kafa Hukumar Hausa a 1955 don ta daidaita rubutu da kalmomin aro, amma kalmar da jama'a ba su taɓa abinta da hannu ba, da wuya ta kama baki. Kafa NITEL a 1985 da ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ba su sāke wannan hali ƙwarai ba. A wancan zamani lambar Katsina ita ce 065, ta Kano 064, amma mai bukata a ƙauye sai ya yi tafiya kafin ya sami inda zai kira.

Hawa na uku ya soma a watan Agusta 2001, sa'ad da kamfanonin MTN da Econet suka buɗe aikin wayar hannu, Glo ya biyo a 2003. Nan fa kalmomi suka ɓarke, gama abin ya shiga hannun manomi da dillali da mai shayi. Wasu aro ne tsantsa, kamar layi, kati, caji, sabis, data da salula. Wasu kuwa ƙirar gida ce, kamar wayar tafi-da-gidanka, wadda ta sa aka koma kiran tsohuwar tarho wayar girke. Muhimmancin abin ya bayyana a watan Satumba 2021, lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, ciniki da zumunci suka shiga ƙunci.

Yau ofisoshi da yawa ba sa bukatar allo mai ramuka. Na'ura ke raba kira, murya kuma takan bi intanet a daddatse kamar sauran saƙonni, a harhaɗa ta a wancan gefe. Amma giɓin nan na hawa na biyu yana nan, ɗalibi ya iya aikin, ya kāsa bayyana shi ga mahaifinsa. Maganinsa yana hannun malaman makarantun horon malamai. Tarihi ya nuna kalmar da ke zama ita ce wadda ta kwatanta abin da ido ya gani. Layin da ya shigo daga waje ana iya kiransa uwar layi, na ɗakuna kuwa rassa, na'urar da ke tsakani mahaɗa. In an koyar da su a aji, sai a bar kasuwa ta yi hukunci, gama ita ce ta zaɓi waya tun farko.