Yadda Masu Binciken Ƙasar Ƙanƙara Suka Koyi Aiki Tare

A can ƙarshen arewacin duniya akwai yankin da ake kira Artik: teku ne mai daskarewa, ƙasashe takwas sun kewaye shi, rana kan yi watanni ba ta fito ba a wasu sassansa. Iskar yankin da ruwansa da tsuntsayensa ba su san iyakar ƙasa ba, amma masu bincike kowa da gwamnatinsa da hukumarsa da kasafin kuɗinsa. Tarihin da za mu bi a nan shi ne na yadda aka yi ta fama wajen sa su yi aiki tare.

Labarin ya faro ne da Karl Weyprecht, hafsan sojan ruwa na daular Ostiriya da Hungari. Daga 1872 zuwa 1874 ya jagoranci wata tafiya a jirgin ruwa mai suna Tegetthoff. Ƙanƙara ta kama jirgin, ta yi ta jan sa har suka ci karo da tsibiran da suka raɗa wa suna Franz Josef, daga ƙarshe suka bar jirgin suka tsira da kyar. Da ya dawo, a 1875 ya shaida wa taron masana cewa tseren kafa tuta a sabuwar ƙasa ba ya ƙara wa ilimi wani abin kirki. Shawararsa ita ce a kafa tashoshi kewaye da yankin, a auna sanyi da iska da maganaɗisun ƙasa a lokaci guda, da kayan aiki iri guda, domin a iya gwama sakamako.

Weyprecht ya rasu a 1881, bai ga amfanin shawararsa ba. A 1882 zuwa 1883 ƙasashe fiye da goma suka gudanar da shekarar bincike ta haɗin gwiwa ta farko. An sha wuya. Tawagar Amurka ƙarƙashin Adolphus Greely ta je tsibirin Ellesmere da mutum 25, jiragen kai musu abinci suka kasa isa shekara biyu a jere, mutum shida kawai suka koma gida da rai. Duk da wannan asara, kowace ƙasa ta buga nata alƙaluma a nata littattafai, ba a haɗa su wuri guda yadda Weyprecht ya so ba. Aka gane cewa aunawa tare bai isa ba, sai an yi tanadin inda za a tara sakamakon.

An sake irin wannan shekara a 1932 zuwa 1933, sannan a 1957 zuwa 1958 ƙasashe 67 suka shiga wani babban shiri na nazarin duniya baki ɗaya. A wannan karon aka kafa cibiyoyin ajiye bayanai da kowane masani zai iya nema. Sai dai Yaƙin Cacar Baka ya mai da Artik filin soja. Nan ne hanya mafi kusa tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma a tsibiran Novaya Zemlya ne Sobiyet ta tayar da bom ɗin nukiliya mafi girma a tarihi a 1961. Arewacin Rasha ya kasance a rufe ga masanan Yamma shekaru da dama.

Ko a cikin ƙasa ɗaya ma ba a tsira daga rarrabuwa ba. A Amurka, masu kula da yanayi daban, sojojin ruwa daban, masu kula da namun daji da ma'adinai da lafiyar mutanen Alaska kowa da nasa shiri. A 1984 aka kafa dokar da ta samar da hukumar ba da shawara kan binciken Artik, da kuma kwamitin da ke haɗa hukumomin gwamnati. Aka ɗora wa Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa jagoranci, aka wajabta musu rubuta shirin shekara biyar tare. Manufar ita ce kada hukumomi biyu su kashe kuɗi a kan tambaya ɗaya alhali wata tambayar ba mai duba ta.

Ƙofar Sobiyet ta fara buɗewa a watan Oktoba na 1987, lokacin da Mikhail Gorbachev ya yi jawabi a Murmansk yana kira da a haɗa kai wajen bincike da kare muhallin arewa. Finland ta karɓi maganar da hannu biyu. A 1990 masana suka kafa kwamitinsu na ƙasa da ƙasa a Resolute, arewacin Kanada. A 1991 kuma ministocin ƙasashe takwas, wato Kanada, Amurka, Denmark, Iceland, Norway, Sweden, Finland da Sobiyet, suka sa hannu a Rovaniemi kan shirin kare muhalli, wanda ya haifar da rukunin sa ido kan gurɓacewa da ake kira AMAP. A 1996 aka kafa Majalisar Artik a Ottawa. Abu biyu suka bambanta ta: an cire batun soja daga aikinta, kuma an ba ƙungiyoyin 'yan asalin yankin, kamar Inuit da Sami, kujeru na dindindin.

Me wannan haɗin kai ya haifar? A shekarun 1980 masu bincike a arewacin Quebec sun gano cewa nonon matan Inuit na ɗauke da sinadarai masu guba fiye da na matan kudancin lardin, alhali babu masana'antu kusa da su. Iska da igiyar teku ne ke kwaso gubar daga nesa, ta taru a kitsen dabbobin ruwa da mutanen ke ci. Ƙasa ɗaya ba za ta iya nuna faɗin matsalar ba. Rahoton AMAP na 1997, wanda ya haɗa awon ƙasashen yankin, ya zama hujja a tattaunawar da ta kai ga Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, inda shugabar Inuit Sheila Watt-Cloutier ta yi tsayin daka. Yarjejeniyar ta fara da sinadarai 12, har da DDT, wanda aka bar ƙofar amfani da shi wajen yaƙi da sauron zazzaɓin cizon sauro. Nijeriya da Nijar da Ghana duk sun shiga cikinta, don haka awon da aka yi a ƙasar ƙanƙara ya taɓa dokar maganin ƙwari a gonakinmu.

Haka abin yake a batun ɗumamar yanayi. Tun 1979 taurarin ɗan'adam ke auna ƙanƙarar tekun, kuma a Satumban 2012 ta ragu zuwa kusan murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa. A 2017 ƙasashen takwas suka sa hannu a Fairbanks kan sauƙaƙa wa masana shiga ƙasashen juna. Daga 2019 zuwa 2020 jirgin Jamus Polarstern ya shafe kusan shekara a cikin ƙanƙara da masana daga ƙasashe 20, jiragen Rasha masu fasa ƙanƙara suna kai musu kaya.

A Maris na 2022, bayan Rasha ta mamaye Ukraine, sauran ƙasashe bakwai suka dakatar da aiki a Majalisar. Kusan rabin gaɓar tekun Artik na Rasha ne, haka ma mafi yawan ƙasar da ke daskare shekara da shekaru, wadda narkewarta ke sakin iskar da ke ƙara zafin duniya. Norway ta karɓi shugabanci a 2023, rukunonin aiki suka koma ganawa ta intanet a 2024, amma musayar bayanai ba ta koma yadda take ba. Awon yanayi kuwa ba a rama shi: shekarar da ba a auna ba, ko aka auna ba a raba ba, tana barin giɓi a lissafin da duniya ke dogaro da shi wajen hasashen ruwan sama da hawan teku. Matsalar da Weyprecht ya nuna a 1875 ita ce dai ke gaban ƙasashen takwas a yau.