manhaja

manhaja (suna, mace, jam'i: manhajoji, daga Larabci, manhaj, bayyananniyar hanya).

1. Tsarin darussan da makaranta ke bi: An saka tarihin masarautar Suleja a manhajar firamare.

2. Jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko waya don ta yi wani aiki. Ana rubuta ta da harsuna irin su Java ko Python, wadda Guido van Rossum ya fitar a 1991: Wani matashi ya haɗa wa wani ɗan kasuwa manhajar lissafin kaya da bashi.

marubucin manhaja: mai wannan sana'a.

manhaja ta ƙi tashi, ta tsaya, ta maƙale: abin da ake faɗi idan kuskure ya hana ta aiki. Sau da yawa dalilin ƙarami ne ƙwarai: baka da aka buɗe ba a rufe ba, ko sarari ɗaya da ya goce a farkon layi, abin da Python ba ta yafewa. Mai koyo kan kwana a kansa, alhali na gaba da shi zai hango shi da kallo ɗaya. Shi ya sa tambaya ba abin kunya ba ce a sana'ar nan, sai dai tana da ladabi. Wanda ya ce "ta ƙi aiki" kawai ya wahalar da mai taimakonsa. A kawo saƙon kuskuren yadda ya fito, da layukan da suka jawo shi, da abin da aka riga aka gwada: "Yaya, ga saƙon da ta ba ni a layi na 40, na sake girka ta amma shiru."