Burtu da usur: abin da maharban Arewa suka riga Amurkawa sani

A Amurka akwai wata dabba da ake kira koyoti, 'yar uwar dilarmu ce, sai dai ta ɗan fi ta girma. Da yawan masu farautarta ba sa bin sawunta cikin daji. Maharbi kan sami wuri ya laɓe, ya busa usur ko ya kunna na'ura mai batir da ke fitar da kukan zomon da aka kama, sai dabbar ta taho da kanta tana zaton ta sami kalaci. Sana'a ce babba a can, da kantuna da gasa. Yaranmu na ganin hotunan a waya, su ɗauka wayon Bature ne, alhali yaudarar naman daji ta ido da ta kunne tsohon ilimi ne a ƙasar Arewa, kuma da shi kakanninsu suka ci abinci.

Kafin gonakin hatsi su mamaye ko'ina, kwarin nan da ake kira Dallol Mawri, wanda ya ratsa Dogon Dutsi ya gangara ta Tibiri, daji ne mai duhu da ruwa kusa da doron ƙasa. Tarihin baka ya ce Gubawa ne suka fara zama a nan, da Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji, kafin a kafa sarautar Arawa wadda ake danganta ta da wani ɗan sarkin Barno. Marc-Henri Piault ya tattara irin waɗannan labarai cikin littafinsa Histoire mawri na 1970. A irin wannan ƙasa maharbi, ko mahalbi yadda bakin Arewa ke faɗa, shi ke gaba. Shi ya san inda ruwa yake, shi ya san kurmin da ba a shiga sai an nemi izini, manomi kuwa daga baya yake zuwa da gatarinsa.

Fitaccen kayan yaudarar maharbin Hausa shi ne burtu. Burtu tsuntsu ne babba, baƙi, wanda ya fi yawan tafiya a ƙasa yana tsintar ƙwari da ƙadangaru, kuma barewa da gada sun saba ganinsa kusa da su, ba sa firgita. Sai maharbi ya sassaƙa itace kamar dogon wuyan tsuntsun, ya haɗa masa bakin burtu na gaske, ya lulluɓe da fata, ya ɗaura a goshi. Ya rufa da baƙin zane, ya duƙa cikin ciyawa, yana tafe yana kaɗa kai kamar mai tsattsaga. Wahalar aikin ba a sassaƙar take ba. Dole ya san ta ina iska ke busowa don kada warinsa ya riga shi isa, ya san yawan takun da burtu ke yi kafin ya tsaya, ya kuma jure sa'o'i a tsugune har naman ya shigo inda kibiya za ta kai. Kibiyar kuma da dafinta, wanda ake dafawa da 'ya'yan kwankwani. Kwaikwayon murya shi ma yana cikin sana'ar: a dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya har yau maharba na toshe hanci su yi kukan gada, ta fito daga maɓoyarta.

Wannan ilimin daji ya taɓa shiga yaƙi. A watan Afrilu na 1899, da rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, mutanen Sarauniya Mangu sun tare ta da kibau masu dafi, suka kuma janye cikin kurmin da suka sani kamar tafin hannu. Faransawa sun ci garin, amma ba su kama Sarauniya ba.

Abin da ya kashe farauta a Arewa ya fi ƙarfin bindigar Nasara ita kaɗai. Jama'a ta ƙaru, daji ya koma gona, fari na 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Raƙuman dawa da a dā ke yawo a faɗin Sahel sun ragu har aka ƙirga 49 kacal a 1996, a yankin Kure. Yanzu doka mai lamba 98-07 ta 1998 ce ke tsara farauta da kare namun daji a Nijar, kuma wanda ya fita da bindiga ba takarda, da ma'aikatan gandun daji zai haɗu.

Dila kuwa tana nan, malamin daji kamar yadda tatsuniya ta raɗa mata, tana ɗauke 'yan awaki da zabi a bayan gari. A nan ne labarin Amurka ke da amfani ga mai kiwo. Tun dokar 1931 gwamnatinsu ke kashe koyoti da tarko da guba da harbi daga jirgin sama, dubbai duk shekara, har Shugaba Nixon ya hana sa guba a filayen gwamnati a 1972. Duk da haka dabbar da a dā ta fi yawa a filayen yamma da tsakiyar ƙasar ta bazu har gabar gabas, ta shiga birane irin su Chicago, ta kai Panama. Masana da dama na ganin idan aka rage su, abinci kan wadaci sauran, su haifi 'ya'ya da yawa. Ni a ganina wanda ke zuba guba a mushe don dila, ungulu da karnukan unguwa zai fi kashewa. Shingen ƙaya mai kyau da kare mai gadi sun fi masa riba.

Malamin lakkol da ke koyar da tarihi ko ilimin halittu a Matankari ko Tibiri yana da darasi a bakin ƙofa. A gayyato tsohon maharbi aji, a tambaye shi sunayen namun da ya gani a ƙuruciyarsa da inda ya gan su, wane lokaci ne ba a harbin mai ciki, me Sarkin Baka ke hanawa, yara su rubuta. In akwai burtu rataye a ɗakinsa ya zo da shi, don shi kansa tsuntsun yanzu yana cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma da yawan 'yan ajin ba su taɓa ganinsa da rai ba.