Daga Takardar Haraji Zuwa Guntun Tikiti: Yadda Adakar Ƙauye Ta Cika da Takardu

Bayan an yi sadakar arba'in ta kakanmu, Baffa ya sa aka fito da adakarsa tsakar gida, a ƙauyenmu da ke tsakanin Bichi da Dambatta. Ba a tarar da kuɗi ba. Ƙarƙashin manyan riguna biyu da rawani akwai wani gwangwanin biskit da tsatsa ta ci murfinsa, cike da takardu an ɗaure su ƙulli-ƙulli da zaren buhu. Ƙullin da ya fi kauri na takardun haraji ne, shekara na bin shekara, babu wadda aka tsallake. A ƙasansu kuma ga wani ɗan kwali mai tauri da aka huda gefensa, tikitin jirgin ƙasa, ga katin ajo na wani makaɗi, ga guntun tikitin dambe da ya yi ja saboda tsufa.

Na ce, "Baffa, me Malam yake yi da waɗannan, tun da an daina karɓar harajin kafin a haife ni?"

Ya juya ɗaya a hannunsa, ya ce, "Ɗana, wanda ya taɓa wuni a rana a ƙofar gidan dagaci saboda takarda ɗaya, ba ya ƙara yar da takarda har ya mutu."

A Amurka da Ingila akwai mutanen da suke tara guntayen tikitin wasannin mawaƙa da suka halarta, su jera su a littafin hotuna bisa kwanan wata. Tikitin taron Woodstock na watan Agusta 1969, wanda aka sayar dala 18 na kwana uku, har yau ana cinikinsa a tsakanin masu wannan sha'awa. Wanda ya zo ƙauyukan arewacin Kano neman irin wannan zai ce babu, domin kiɗanmu bai saba barin takarda ba. Kalangu a dandali daren kasuwa, gangar noma ranar gayya, kiɗan kokawa bayan an kai amfani gida, duk a fili ake yin su, ba ƙofa balle mai tsaron ƙofa. Biyan makaɗi kuwa hannu da hannu ne: a yi masa kari, a manna masa kuɗi a goshi, a tuɓe riga a ba shi, ko a aika masa da damin gero. Shaidar biyan ita ce sunan mutum a bakin mawaƙi. Mutanen da Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo suka ambata, jikokinsu ba sa bukatar wata takarda, kaset ya ishe su. Don haka ɗabi'ar ajiye 'yar takarda ba daga dandali ta shigo mana ba. Ta wata ƙofar ta biyo.

Kafin zuwan Turawa takarda abu ce mai tsada da alfarma. Daga Turai take fitowa, ta ratso hamada ta hanyar Tarabulus, wata ma da alamar jinjirin wata uku a jikinta idan an ɗaga ta a haske. Alƙur'ani ake rubutawa a kanta, da littattafan ilimi, da wasiƙun sarakuna, da laya. Wurin zamanta gafaka. Wannan ne ya sa har gobe dattijo ba ya tsallake takarda mai rubutu a ƙasa, sai ya duƙa ya ɗauka ya soka ta a jikin danga, don kada a ce da sunan Allah a ciki. Haraji kuwa da kuɗin wuri ake biyansa. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, ban da kuɗin karofi da ake karɓa a kan marina. Mai unguwa ya san wanda ya biya, jakada ya san abin da ya ɗauka, shi ke nan.

A watan Fabrairu na 1903 Turawa suka ci Kano, aka naɗa Sarki Abbas. Cikin 'yan shekaru aka ce hakimai su bar birni kowa ya koma ya zauna a ƙasarsa, sannan a 1909 aka kafa Baitulmali, aka mayar da masu sarauta 'yan albashi. Albashi kuwa sai da lissafi, lissafi sai da littafi. A gundumomin da ke kewaye da birni aka ɓullo da kuɗin taki, takin ƙafa ke nan, ba wanda jaki ke kaiwa gona a mangala ba. Malaman taki su zo su auna gonar mutum da ƙafa, tsawo da faɗi, su rubuta sunansa da abin da zai biya. Ba banza aka fara a nan ba. Ƙasarmu cike take da mutane, gona na jingine da gona, ba saura ba daji, kowace ana nomanta shekara da shekaru da ƙarfin taki, iyakarta kuma sananniya ce da gamba ko cediya ko tsohuwar kuka. Irin wannan ƙasa ce take aunuwa. Daga baya harajin ya koma bisa kan kowane baligi, amma abu ɗaya ya zauna: wanda ya biya, a yago masa takarda daga littafi, rabinta ya rage a hannun malamin haraji.

Wannan 'yar takarda ta zama komai. Da ita mutum ke shiga kasuwar wani gari hankali kwance. Ɗan ci-rani da zai tafi Jos ko Ikko bayan kaka, ko fatake masu jakai, kafin guzuri ita suke fara nema, domin ɗan doka na iya tsayar da mutum a hanya ya ce ina takardarka. Wanda ya ɓatar da tasa, ko da ya biya, maganarsa ba ta da nauyi, sai ya sake biya ko ya sha rana. Akasarin masu riƙe da ita ba sa karanta boko, don haka da launi da girma suke gane ta bana da ta bara, kuma ba sa yarda su yar da ta bara ɗin, saboda ba a san ranar da za a ce a kawo ta ba. Wasu a aljihun 'yar ciki suke ɗinke ta, wasu a cikin hula, wasu su ba baduku ya yi mata kube kamar laya. A ganina nan ne aka haifi gwangwanin kakana da dubban irinsa. Tsoro ne ya koya wa talaka jera takarda bisa shekara, tun kafin makarantar boko ta iso garinsu.

Kuɗin biyan harajin kuwa daga gyaɗa yake fitowa. Dogo ya iso Kano a 1911, shekara guda bayan haka cinikin gyaɗa ya buɗe, manoman Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa suka rage wa gero fili suka ba ta. A 1930 layin Nguru ya kammala, ya bi ta Jogana da Zakirai. Tikitin jirgin ɗan kwali ne, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, irin wanda wani Bature mai suna Thomas Edmondson ya ƙirƙiro a Ingila wajen 1840, da lamba da kwanan wata, mai duba tikiti ya huda shi da ɗan ƙarfe. A ƙa'ida karɓe shi ake yi a tashar sauka. Na Malam ya tsira, ya shiga gwangwani, kuma shi ne takarda ta farko a ciki wadda ba wanda zai taɓa cewa a kawo ta. Baffa ya ce na tafiyarsa ta farko ne, ranar da ya bar ƙasar Kano.

Tikitin kallo shi ya fi daɗewa bai sami shiga ba. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, Palace kuma a cikin birni a 1951, shekarar da gobarar sinimar El Duniya ta halaka mutum 331. Iyaye a ƙauye suka ɗauki wannan a matsayin ishara. Majigin gwamnati da ke zuwa ƙofar fada da mota kyauta ne, ba a kyamarsa. Amma saurayin da ya kai itace ko kara birni a kan keke, ya tsaya ya kalli fim ɗin Indiya, guntun da aka yago masa a ƙofa kafin ya iso gida ya tauna shi ya tofar. Dambe ne ya sassauta lamarin, da aka fara kewaye fili da zana, daga baya da langa-langa, ana karɓar kuɗi a bakin shiga. Shi ba abin ɓoyo ba ne, wasan mahauta ne da kowa ya gada ya gani. Katin ajo ma haka: makaɗi ya buga kati ya aiko wa manyan gari, samun katin kansa girma ne, don haka ba a jefar da shi.

Jam'iyyar NEPU, tun kafuwarta a 1950, ta sa wulaƙancin karɓar haraji a gaban maganarta, kuma ƙauyukan nan sun ba ta jama'a. Da Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamna a ƙarƙashin PRP a 1979, ya soke haraji da jangali. Mutum zai zaci ranar za a zazzage gwangwanaye a murhu. A gidanmu dai ba a yi ba. Ƙullin ya tsaya a inda ya tsaya, takardun suka tashi daga shaidar biya suka koma ma'aunin shekaru. Da su Malam yake warware gardama: wance an haife ta shekarar da aka koma naira, ga takardar 1973 nan, ita ce ta farko da ba fam da sule a jikinta.

Daga nan gwangwani ya buɗe baki. Gayyatar aure da ake yi da goro da alawa ta koma kati, sai kalandar biki, sai takardun Makka na wanda Allah ya kira, sai katin zaɓe. Mata nasu wurin daban ne: ƙasan babbar samira ko cikin kwalla, inda katin awo da na rigakafin yara suke kwance tare da awarwaro. Samari kuma suka kawo nasu. Wani ƙanena yana da tikitin wasannin Kano Pillars na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, tun daga kakar 2012 har 2014 da suka ɗauki kofi sau uku a jere, kowanne ya rubuta sakamakon wasan a bayansa da biro.

Maƙiyan wannan dukiya sanannu ne: gara, ɓera, kyankyaso, da laimar damina a ɗakin ƙasa. Tsofaffi sun san maganinsu. Ba a ajiye adaka a ƙasa, sai a kan duwatsu ko bulo, nesa da bango. A zuba busasshen ganyen darbejiya ko kafur a kusurwa, in hunturu ya shigo a fito da kayan su sha iska a inuwa. Zare ya fi roba, domin roba narkewa take yi ta manne a jikin takarda. Leda kuwa tana riƙe gumi in an ƙulle ta da damshi.

Abin da ke damuna shi ne takardun yanzu ba sa jiran gara. Rasit ɗin da na'urar POS ke fitarwa, da yawancin tikitin zamani, ba tawada ce a jikinsu ba, zafi ne ke fito da rubutun, zafin ne kuma ke goge shi. Bazara ɗaya a ɗaki mai rufin kwano ta isa ta mayar da su fari fat, in kuma aka kai a manne su da roba mai zafi sai su koma baƙi ƙirin. Katin biki ya koma WhatsApp, ya tafi tare da wayar ranar da ta faɗa rijiya. Takardar harajin Malam ta zamanin Sarki Abdullahi Bayero kuwa har yanzu ana karanta sunansa da na unguwarsu a kanta.

Da aka zo rabon gado, ba wanda ya san kason da za a sa gwangwanin. Baffa ya ce ba na rabo ba ne, a hannun babban gida zai zauna. Ya sake wa ƙullin zare, ya ɗauko takardar asibiti ta jinyar Malam ta ƙarshe ya ɗora a sama, ya danna murfin da tafin hannu, aka mayar da adakar kan duwatsunta.