Ɗauko Iyaye: Daga Hanyar Gabas Zuwa Ƙuri'ar Kanada



Wata dattijuwa ce a ƙauyenmu, nan ƙasar Bici, ta sa na ɗauko wannan batu. Ɗanta na fari yana Kanada, ya yi karatu, ya sami aiki, ya sami takardar zama. Tun 2020 ya sa sunansa cikin masu son ɗauko iyayensu, har yau bai dace ba. Ni nake karanta mata saƙonninsa idan ya turo a rubuce, shi ya sa na san maganar ciki da bai. Ranar da na yi mata bayanin cewa gwamnatin can ƙuri'a take yi, wanda sunansa ya fito shi ake ba damar cike takardu, ta daɗe ba ta tanka ba, can sai ta ce, "Ɗan nan, ashe uwa ma ana yin ƙuri'a a kanta?" Ko sunansa ba ta faɗa, ɗan fari ne, "yaron nan" take ce masa. Amma takardun so suke ta kawo shaidar cewa ita ta haife shi, alhali a ɗakinta ta haihu, ungozoma ta yanke cibi, ba wanda ya rubuta komai.

Wannan ya sa na koma baya ina tambaya: da can yaya Bahaushe yake haɗuwa da iyayensa idan ƙasa ta raba su? Don rabuwar ba yau ta fara ba.

Ku ɗauki labarin Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji wajen 1877, cikin gidan fatake Agalawa. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tashi ta koma Akara ta ƙasar Gana, garin da tsofaffinmu ke kira Ankara. Ta bar yaran a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, daga nan ma sunan Ɗantata ya samo asali. Da ya tasa, sai ya bi ayarin Gwanja ya je ya iske uwarsa. Bai nemi izinin wata hukuma ba. Abin da ke tsakaninsa da ita nisa ne, da 'yan fashi, da kuɗin fito a bakin kogi, da watanni ana tafiya zango zango. Wanda ya zauna a Salaga ko Kumasi yana son a kawo masa tsohuwarsa, abin da yake bukata madugu amintacce ne da guzuri da jakin da za ta hau. Wahala ce sosai, wasu a hanya suke cikawa, amma duk wanda ya isa ya isa.

Inda abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne hanyar gabas. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas da niyyar hijira, jama'a suka riƙa barin gonakinsu suna bin sa, maza da mata, tsofaffi da goyo. An kashe shi a Burmi, cikin jihar Gwambe ta yanzu, ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin har gobe Mai Wurno sunansa.

Bayansu hanyar ba ta huta ba. Daga Kano a bi Maiduguri, a haye zuwa Fallomi (Njamena ta yau), a wuce Abashe, Junaina, Fashir, har a kai bakin Bahar Maliya a Sawakin, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ko a 1937, lokacin da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya sauke farali (shi ne fa ya riƙe Bici yana Ciroma kafin ya hau gado a 1926), talakan da ya kama wannan hanya shekaru yake yi kafin ya ga Ka'aba. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma, a yi ƙodago, a tara, a ƙara gaba. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925 bayan gina madatsar Sinnar, mutanenmu da yawa suka tsaya tsinkar auduga. Tsayuwar damina ɗaya ta zama ta shekara goma, ta zama ta har abada. Wani masani, Bawa Yamba, ya fitar da littafi a kansu a 1995, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a can suke ci gaba da kiran kansu mahajjata masu kan hanya.

Ku lura da wani abu a wannan tafiya. Tsoho ne a gaba. Shi ke cewa a tashi, shi ke sayar da gona da bisashe, matansa da 'ya'yansa da jikoki su bi bayansa. Ba a "ɗauko" shi, shi ke ɗaukar gida. Kuma yana da dalilin da ya fi ƙarfin son gida: ko bai kai ba ya mutu a hanyar Makka, in ya kai kuma yana fatan ƙasar Madina ta rufe shi. Kusan kowane tsohon gida a ƙasar Kano yana da wani kawu ko baffa da ake cewa "ya yi gabas". A gidanmu ma akwai, wan kakata ne. Ta rasu tana sa rai wata rana za a yi sallama a ƙofar gida a ce ga 'ya'yansa.

Takarda ta shigo ne sannu a hankali, kuma ta fara cizon mutanenmu tun kafin kowa a nan ya san Kanada. Sudan ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956. Dokarta ta zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ja layi: ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko iyayensa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Ku yi lissafi. Mutanen Burmi sun taso ne a 1903. Ke nan wanda aka haifa a Mai Wurno, bai taɓa ganin Kano ba, yana iya wayar gari doka ta kira shi baƙo saboda kakansa ya makara da 'yan shekaru. A Gana kuma abin ya zo da gaggawa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice, zangonni suka rikice, aka raba gidaje da yawa. Mu ma ba mu da bakin magana, don a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi wa baƙi irin wannan korar, har jakar nan da kowa ya sani ta sami suna. Abin da ya ɗan sassauta mana a yankinmu shi ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Shi ya sa mai shago a Kumasi yau yake iya sa uwarsa a mota ta je masa.

To, sai ƙasashen Turawa, inda yaranmu suke zuwa yanzu. Nan tsarin ya juye gaba ɗaya. Yaro ne ke fara tafiya shi kaɗai, don shi ake so: yana da ƙarfi, yana da karatu, zai biya haraji. Tsoho kuwa sai an roƙa.

Kanada tana cikin 'yan ƙasashen da suka buɗe ƙofa ta musamman ga iyaye da kakanni, don haka da ita zan fi yin misali. A Nuwamban 2011 ta dakatar da karɓar sababbin takardu saboda waɗanda ke jira sun kai wajen mutum 165,000. Da ta sake buɗewa a Janairun 2014, takardu 5,000 kacal ta ce za ta karɓa a shekara, ta kuma tsaurara sharuɗɗa. Mai ɗaukowa sai ya nuna abin da ya samu na shekara uku a jere, ya zama ya haura mizanin da gwamnati ta ajiye da kashi 30 cikin ɗari. Sai kuma ya sa hannu cewa shi zai ɗauki nauyin tsohon har shekara 20, in tsohon ya karɓi tallafin gwamnati a tsakani, ɗan ne zai biya. A 2017 aka koma ƙuri'a. Mutane suka yi ƙorafi, sai a Janairun 2019 aka ce wanda ya riga cikewa a intanet shi ya samu, guraben suka ƙare cikin kimanin minti goma. A 2020 aka dawo ƙuri'a, kuma daga cikin waɗanda suka sa suna a wannan shekarar aka ci gaba da tsamo mutane a shekarun da suka biyo. Cikinsu ɗan maƙwabciyarmu yake. Akwai wata bizar ziyara ta daban da aka ƙirƙira a ƙarshen 2011, wadda yanzu take ba tsoho damar zama har shekara biyar a shiga ɗaya, amma sai an saya masa inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000, kuma baƙo ne har ranar da zai fita.

Ingila ta fi tsanani. Tun Yulin 2012 sai an tabbatar tsohon ba ya iya kula da kansa, kuma ba zai sami mai kula da shi a ƙasarsa ba ko da an turo kuɗi. Wace uwa ce a Bici za a ce ba ta da mai kai mata ruwa banɗaki? Zumuncinmu da kansa ya zama hujjar hana ta. A Amurka ɗan ƙasa mai shekara 21 yana iya nema wa uwa da uba, mai katin zama kawai ba ya iya, kaka kuwa ba ta da gurbi ko kaɗan. Ko wannan ƙofar an rufe wa 'yan Nijeriya ita a Fabrairun 2020 zamanin Trump, Biden ya buɗe a Janairun 2021.

Ban ce ba su da hujja ba. Asibitinsu da harajin jama'a yake tafiya, tsoho kuma kusa da asibiti yake, ko a ina. Abin da nake gani shi ne ma'auninsu abin da tsoho zai ci kaɗai yake aunawa. Ba ya auna wankan jego. A al'adarmu mai haihuwar fari gida take dawowa, uwa ta dafa mata ruwa, ta dama kunun kanwa, har a yi arba'in. Yarinyar da ta haihu a Toronto ba ta da wannan sai in uwar ta sami biza. Ba ya auna wanda zai yi wa jika "ga ta nan ga ta nanku", ko wanda zai sa yaro ya san ana durƙusawa a gaida babba.

Sai dai akwai wani ɓangare da mu masu zama a gida muka fi sani, kuma shi na fi so marubuta su duba. Ba kowane tsoho ne yake son a ɗauke shi ba. Ƙasarmu ta Bici cike take da jama'a, gona a manne da gona, ba saura, ba daji. Ɗan abin da mutum ya gada shi ake zuba wa taki kowace shekara a noma gero da dawa da gyaɗa. Ƙarancin gonar ma shi ke korar samari, da cin rani, yanzu har ƙetare. A irin wannan ƙasa tsoho shi ne takardar gona. Shi ya san cewa iyaka daga kukar nan ta fara ta bi layin gamba ta tsaya a ɗorawa, shi ya san wadda aka ba da aro da wadda aka jinginar. Ranar da ya hau jirgi, gandu ya watse, 'yan uba su fara kallon juna. Tsohuwa kuma tana da biki da suna da ta'aziyya, tana da adashi, tana da jikoki goma sha a tsakar gida, za a kai ta inda za ta wuni a kulle ita da talabijin mai yaren da ba ta ji. Sannan ga maganar da ba a faɗa a fili: a ina za a binne ni? Wanda ya yi gabas da yana da amsar da ke sanyaya masa zuciya. Wanda za a kai ƙasar ƙanƙara ba shi da ita.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ga wannan jijiya tun a Shaihu Umar na 1934, inda uwa ta ratsa hamada neman ɗanta, suka haɗu, ba ta daɗe ba ta rasu. Mu kuwa a littattafanmu na yanzu jarumi yakan tafi Landan ko Dubai a shafi ɗaya, ya dawo a na gaba da ƙatuwar mota. Ban cika ganin wanda ya tsaya ya rubuta ranar da aka kai Inna kotu yin takardar shekaru ba, aka tambaye ta yaushe aka haife ta, ta ce ita dai an ce mata tana goye aka yi wata yunwa. Ko ranar da aka ce ta gyara mayafi kunnuwa su fito don hoto. Ko ƙanin da ya zauna a gida yana noma yana kai ta asibiti, sai ga wa daga nesa zai ɗauke ta da takarda, dangi na sa masa albarka shi kaɗai.

Maƙwabciyar tamu an yi mata fasfo tun farkon maganar, aka rubuta mata 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Na shekara biyar ne, ya ƙare bai taɓa ganin hatimin filin jirgi ba, yana nan cikin kwalla a naɗe da tsumma. Shekaranjiya ɗan ya turo saƙo yana cewa a shirya a sabunta. Na karanta mata. Ta ce in ce masa to ta ji, Allah ya yi albarka, amma ya fara turo kuɗin taki tukuna, don hadari ya soma haɗuwa a gabas.